Ruwan Waifar Baba

Ranar da Baba ya gogi ginshiƙin ƙofar gonar kaji, ƙwai ya farfashe a bayan mota, shi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Amma kafin azahar Yayanmu ya riga ya yanke hukunci: a karɓe makulli, a sayar da motar, Baba ya zauna a gida ya huta. Wai idonsa ya mutu. Yaya fa haka yake tun muna yara, shi ke kai ƙara, shi ke yin shari'a.

Baba direba ne tun ba a haife mu ba. Da motar nan yake ɗauko ƙwai daga gona yana rarraba wa masu shaguna, kuma kowa a gidan ya san in aka raba shi da sitiyari an gama da shi. Yana zaune a falo, ya dunƙule makullin a hannu, ya ce, "Idona ƙalau. Gilashin ne ya yi fari da rana ta haske shi, ban ga ginshiƙin ba."

"Haba Baba, gilashi kuma?" in ji Yaya, yana wata 'yar dariya da ta ƙona min rai.

Ni ce auta, kuma ni ce marar kunyar gidan, kowa ya shaida. Na ce, "Yaya, ka taɓa zama a kujerar nan ka duba? Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo."

Na fita na sa Baba ya ɗaga min bonet, na buɗe ƙaramin tankin da ke ba waifa ruwa. Kumfa ce ta fara gaishe ni. Ashe duk ranar da Baba ya wanke mota, ragowar ruwan bokitin, da garin sabulunsa da dauɗarsa, shi yake juyewa a ciki, wai kada a yi asara. Waifa ta shafe gilashi da shi, ya bushe ya bar farin dabbare. Robar waifar ma ta ƙandare, sai ƙara take yi kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Na koma falo ina huci. Yaya ya ce shi dai mai saye zai zo ranar Asabar. Na ce to a bar min gilashin zuwa ranar, in na gyara Baba zai ja mu mu zagaya da safe, rana tana dukan fuskarsa. In ya kai mu ya dawo da mu lafiya, kada in ƙara jin zancen sayarwa a bakin kowa. Yaya ya taɓe baki ya ce ya ji.

Washegari na tafi shagon kayan mota na bakin titi, wurin wani mai ƙiba da ake ce wa Rediyo saboda surutu. Na faɗa masa matsalar gilashin Baba, ya jera min jarkoki kala-kala a kan tebur.

"Ƙanwata, ruwan waifa ba ɗaya ba ne. Tsohon naki wace hanya yake bi?"

Na ce hanyar gona, da sassafe.

Ya ture mai ruwan hoda gefe. "Wannan na masu shiga wurin da ruwa ke daskarewa ne cikin tanki, ba ruwanki da shi yanzu. Shuɗin nan na yawon cikin gari ne, a wanke ɗan datti a wuce. Amma da damina, a hanyar gona, ƙwari ne ke fashewa a gilashi, ga laka daga tayar manyan motoci. Ruwan banza sai dai ya dama miki su. Koren nan shi ke narkar da su. In damina ta wuce ki dawo mu sake lissafi."

Na ɗauki koren, na haɗa da sabuwar robar waifa. Da Baba ya ga jarkar sai ya riƙe haɓa. "Yanzu Auta ruwan ma sai an saya?" Na ce masa yau dai shi zai yi shiru, ni zan yi magana. Muka tsiyaye tankin, muka ɗauraye shi har kumfar ta daina fitowa. Na goge gilashin ciki da waje har kafaɗata ta ƙage. Raina fes, don na riga na tanadi abin da zan gaya wa Yaya.

Safiyar Asabar Baba ya shiga mazauninsa, na zauna kusa da shi. Yaya yana tsaye a bakin ƙofar gida yana amsa waya, bai shigo ba tukuna. Baba ya tada mota, ya ja sandar waifa, koren ruwan ya fesu, robar ta share shi ba ko ƙara. Gilashin ya fito tas, har ina hango tsagar da ke jikin katangar maƙwabta.

Baba ya sake ja. Ya ƙara ja.

"Auta, ruwan nan naki bai fitar ba. Ga farin nan a tsakiya."

Na duba inda yake nunawa, babu komai. Ya zaro hankici ya goge wurin ta ciki, ya matsa da kansa gefe, ya sake dubawa. Sai na ga hannunsa ya tsaya. A hankali ya janye hankicin daga gilashin ya kai shi idonsa na dama, ya goge, ya buɗe. Ashe farin a idonsa yake, ba a gilashi ba. Tausayinsa ya kama ni, ga haushin gaskiyar da ta zaɓi bakin Yaya ta fito.

Yaya ya ƙwanƙwasa taga. "Lafiya? Mu tafi mana, mutumin yana hanya."

Baba ya kashe mota, ya zare makulli, ya fito. Yaya ya dubi fuskarsa ya gane, ya miƙo hannu. Baba ya wuce hannun kamar bai san da shi ba, ya zagayo ta ɓangarena ya buɗe ƙofa.

"Matsa can."

"Baba, ni fa ban iya ba."

"Shi da ya iya, a ciki aka haife shi? Matsa."

Na tsallaka na zauna a bayan sitiyari. Yaya ya ce, "Baba, wannan ai ganganci ne! Me zan ce wa mai sayen?"

Na sauke gilashin taga na ce, "Ka ce masa ya yi haƙuri, motar tana da direba."

Baba ya sa min makullin a tafin hannu, ya ɗora hannunsa a kan nawa muka murɗa tare. Motar ta yi tsalle ta mutu. Ya ce in taka kuloci har ƙasa in sake murɗawa. A karo na gaba ta tashi, muka fara gangarawa a hankali.

"Yau iyakarmu ƙarshen layin nan," in ji shi. "Giya ki bar min, da kunne nake jin ta." Ya gyara zama ya kafa wa hanya ido, muryarsa ta yi ƙasa. "Ke dai ki riƙa faɗa min abin da ke gabanmu."