Baba Farashi da Motar Fulawa

Tana cikin goge kuɗin burodi a jikin allo, karo na uku a wata guda, sai Auta ta leƙo ta ce Baba na kiranta. Mai burodi ta ajiye allin ta bi ta, ko hannu ba ta wanke ba.

Baba Farashi maƙwabcinta ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da gidan burodinta. Shekara talatin ya yi yana saya wa wani kamfani auduga da riɗi ana fita da su waje, kuma ritaya ba ta raba shi da bin kasuwar duniya a rediyo ba. In ka gaishe shi, kafin ya tambayi iyali sai ya gaya maka yadda ɗanyen mai ya kwana, shi ya sa 'yan layin suka laƙaba masa sunan. Yau wata biyu ke nan ciwon zuciya ya kwantar da shi, autarsa ke jinya.

Ta same shi jingine da filo uku, ƙafafu sun kumbura, kwalaben magani jere a kan taga.

"'Yata, an ce za ki kashe tanda."

"Ƙarshen wata, Baba. Na rage girman burodin har kunyar miƙa shi nake. Ga ma'aikata huɗu, ban san da wane baki zan sallame su ba."

Ya yi mata bayani yana hutawa a tsakani. Manyan bankunan ƙasashe masu ƙarfi sun ƙara kuɗin ruwa, masu jari sun kwashe dukiyarsu sun koma can, kuɗin ƙasar nan ya yi rauni, gwamnati da babban banki kuma sun kasa jituwa kan abin yi. Alkama ta jirgin ruwa take zuwa, da kuɗin waje ake sayenta. Amma ya ce a kasuwar duniya alkamar ta ɗan sauka ma, tsoron gobe ne ke sa dillalai ƙara wa buhu kuɗi kowace safiya.

"Su suna musu a ɗaki mai sanyi, ke kina gasuwa a bakin wuta," in ji shi. Dariyar ta zame masa tari.

Da tarin ya lafa, ya tambayi yawan ƙananan gidajen burodi a yankin. Ta ce bakwai har da nata, amma wasunsu ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ya ce ta haɗa su ko sun ƙi, su sayi fulawa mota guda kai tsaye daga kamfanin fulawa, ba dillali a tsakani. Sannan ya sa Auta ta kira wani mutum da ya koya wa aiki tun yana sabon shiga, wanda yanzu shi ne shugaban sashen ciniki a kamfanin fulawar. Auta ta riƙe wa Baba wayar a kunne.

"Ban taɓa roƙonka komai ba," ya ce. "Ba ragi nake nema ba. Ka tsayar musu da farashi wata uku, su samu su numfasa."

Mutumin ya ce sai ya tuntuɓi na sama da shi. Washegari ya kira ya ce an amince.

Kwana huɗu ta yi tana bin gidajen. Mafi wuya shi ne na wanda ya taɓa janye mata mai kwaɓi. Ta tsaya a ƙofarsa ta haɗiye abin da ke ranta ta yi sallama. Shida suka yarda har da ita, na bakwai ya ƙi, da ya ga abin na gaske ne ya biyo baya da kansa. Baba ya ba su garejinsa don ajiya.

Ranar Laraba da hantsi motar ta iso. Bai iya tashi ba, sai ya sa aka buɗe masa taga yana sauraron 'yan dako. Mai burodi ta shigo da gari har a gira, ta durƙusa za ta yi godiya, ya ɗaga hannu ya tare ta.

"Ku sa katako a ƙasa, kada buhu ya taɓa siminti. Ku bar tazara da bango."

Iyakar abin da ya ce mata ke nan. Da yamma tana fitar da tire daga tanda ta ga Auta tsaye a bakin ƙofa, ba takalmi. Mai burodi ta ajiye tiren a ƙasa, ta je ta rungume ta.

Bayan an kai shi makwancinsa, gidajen nan bakwai suka riƙa aiko da burodi don masu zuwa gaisuwa, ba wanda ya umarce su. A rana ta biyu mai burodi ta tarar da Auta zaune a kan dakalin ƙofa, an ce tun rasuwar ba ta sa komai a bakinta ba. Ta zauna kusa da ita.

"Bai bari na gode masa ba, Auta."

"Haka yake, Yaya. Mu ma bai taɓa bari ba."

Ta gutsuro mai ɗumi ta sa mata a tafin hannu. Auta ta daɗe tana kallonsa, sannan ta fara ci a hankali, ɓurɓushi na zuba a cinyarta.