Kif Him

Da kakar auduga ta ƙare a injin gurza na Funtuwa, aka jera leburori a fili za a sallami wasu. Mudi na cikinsu, yana addu'ar kada a sallame shi, don da wannan aikin yake ciyar da gwaggonsa a Dayi.

Baturen injin ya iso kansa, ya nuna shi da sanda, ya ce wa akawu, "Kif him."

Mudi kuwa "kife" ya ji. To, an kifar da shi ke nan kamar ƙwarya. Duk da haka ya rusuna ya yi godiya, ya naɗe tabarmarsa, ya kama hanyar tasha.

Can sai ga Malam Isyaku akawu bisa keke, yana haki.

"Kai Mudi, ina zuwa haka?"

"Malam, ba kifewa ya ce ba?"

"Wace kifewa, sai ka ce kwalekwale? Kif a bakinsu riƙewa ce. Cewa ya yi a riƙe ka, ka ci gaba da aiki."

Mudi ya saki tabarmar, ya kama hannun Malam da hannu biyu. "Allah ya saka maka da alheri. Da ba ka biyo ni ba, da ni na kifar da kaina."

"Hau baya, kafin ya sake wani Turancin."