Goma Bisa Goma

Tun da likita ta ce a riƙa yi wa Baba tambayoyi kan labaran duniya don a motsa masa ƙwaƙwalwa, Yaya ya naɗa kansa shugaban hukumar jarrabawa. Ba wanda ya zaɓe shi. Jami'in hulɗa da jama'a ne a wani kamfanin lemon kwalba, inda aikinsa shi ne in an ga ƙuda a cikin lemo ya fito ya ce inuwa ce. To, wannan sana'ar ya kwaso ya kawo falona.

A gidana Baba yake tun ranar da maƙwabtansa suka tsince shi a bakin titi da takalmi ƙafa ɗaya, yana neman shagon ɗinkinsa da aka rushe tun ina firamare. Ni ke ba shi magani, ni ke ɓoye ashana, ni ke kulle ƙofa in rataya makulli a wuya. Yaya kuwa sai da yamma, turarensa ya riga shi sallama, ya zaɓi kujerar da ta fi laushi ya buɗe waya.

Abin da likitar ta ce ba shi da wuya. Baba ya saurari rediyo da safe, da yamma a tambaye shi abin da ya ji. Tambaya gajera, mai amsa ɗaya, kuma kada a sa masa amsar a baki. In ya manta a faɗa masa, gobe a sake. Yaya yana wurin aka yi bayanin, yana gyaɗa kai kamar ƙadangare yana duba agogo.

Ga irin tasa tambayar.

"Baba, gobarar da aka yi jiya a babbar kasuwa, a kasuwa aka yi ta ko a filin jirgi?"

Baba ya dube shi. "A kasuwa."

"Allahu Akbar! Auta, kina ji? Garau! To Baba, ministan da ya ajiye aiki, na LAFIYA ne," sai ya ɗaga gira har tana neman taɓa hula, "ko na wasanni?" Na biyun a ciki-ciki yake faɗinsa, kamar mai gulma.

"Na lafiya."

Baba tela ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana karanta fuskar masu kaya, ya san lokacin da mai riga yake so a ce ta zauna masa ko da ta shaƙe masa wuya. Sunaye sun gudu, hanyar gida ta gudu, amma wannan tana nan. Ba rediyo yake tunawa ba, girar Yaya yake kallo.

Kafin ya tashi sai ya tura wa zauren dangi na waya: Alhamdulillah, yau ma goma bisa goma. Masu tafi su yi tafi, masu addu'a su yi. Ni kuma na zama mai zuzuta ciwo.

Na taɓa cewa, "Yaya, wannan ai ba tambaya ba ce, ɗura ce."

"Matsalarki ba ki san ilimin ƙarfafa gwiwa ba," in ji shi. "Fanni ne guda, mun yi bita a kai."

Sai na juya. "Baba, me ya ƙone jiya?"

Baba ya zabura yana laluben gefen kujera. "Dutsen guga na bari a kan kayan mutane?"

"Kin gani ko? Kin tayar masa da hankali. Tambayarki ce ba ta da tsari."

Da abin ya tsaya a nan da na bar shi da wasan yaransa. Amma goma bisa goma ta hau masa kai. Wai mutane suna magana, ya za a ce yana raye mahaifinsa na zaune gidan suruki. Nasa gidan kuwa bene ne, wai gwiwar Baba ba za ta iya ba. Saboda haka Baba zai koma gidansa, shi kaɗai, da tukunyar gas da ƙofar da ke kallon babban titi. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, kuma wanda ya jefa ni ciki yana gyara zaman agogo.

Ya gayyato Goggo da Kawu su zama shaidu. Goggo, ƙanwar Baba, ta zo da mayafinta na fita biki; Kawu ya zo da tasbaha da niyyar yarda da duk abin da aka ce. Yaya ya sa wa Baba sabuwar hula, ya ajiye makullin gidan a kan tebur, ya gyara murya.

Ranar Yaya ya yi bajinta. Gadar da ta karye, a kan KOGI take ko a kan dutse? Ƙungiyar da ta ci kofi, ta CI ne ko an cinye ta? Gira na hawa tana sauka, Baba na biye da ita. Goggo har da share ƙwalla.

"Goma!" Yaya ya buga cinya. "Kawu, ka gani da idonka. Gobe zan turo direba ya kwashe kayansa."

"Gani ya kori ji," in ji Kawu.

Na ce, "Saura tawa, guda ɗaya."

"Auta, kada ki fara."

"Ba ta gobara ba ce. Labarin yau ne, yanzun nan aka yi shi a gaban kowa." Na durƙusa gaban Baba, na riƙe hannunsa. "Baba, wannan da ya gama yi maka tambayoyi, wane ne?"

Yaya ya yi dariya, irin wadda yake wa 'yan jarida. Ya matso da fuskarsa, ya cire gilashi don a gan shi da kyau.

Baba ya dube shi. Ya dubi bakinsa, ya dubi girar, ya jira. Girar ba ta motsa ba, don ba ta da abin ɗagawa. Ya juyo gare ni, ya sake komawa gare shi da murmushin nan nasa na tela, mai son ya faranta wa mai kaya.

"To, Alhaji," ya ce a hankali, "faɗo su biyun mana in zaɓa."