Ruwan Yelwa

A lungun da Zubaidatu take zaune, bayan kasuwar Bab Makka, akwai wata al'ada da kowa ya sani amma ba a faɗarta da ƙarfi. Idan tsoho marar iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ya kwanta, aka yi jiƙo, aka sha rubutu, aka sayo ƙwayoyin kemis, abin ya ƙi, to sai a yi masa wanka, a sa masa tufa mai tsabta, a raba shi da waya da duk wata takarda, a kai shi ƙofar asibitin gwamnati a zaunar. Wanda ya kai shi ba ya tsayawa. In ya tsaya za a nemi takardunsa, daga nan a nemi gidan da suka fito, sai a kwashe lungu guda zuwa tarhil, inda ake tsare mutane kafin a mayar da su ƙasarsu. Masu asibiti ba sa barin mutum ya cika a bakin ƙofarsu, za su shigar da shi. Abin da ke faruwa bayan nan ne ba a cika ji ba. Mutanen lungu suna kiran abin rakiya.

Zubaidatu ta taɓa yin rakiya. Ta raka Yelwa, ƙawarta, wadda suka zo umra a jirgi ɗaya suka ƙi komawa, suka tsufa a kan tsumma ɗaya suna sayar da kuka da daddawa da yaji a gefen hanya. Numfashi ne ya riƙa gagarar Yelwa. Ranar da aka kai ta hankalinta ya riga ya fara gushewa, ba ta gane inda suke ba. Zubaidatu ta zaunar da ita a wani bencin siminti a inuwar darbejiya, ta gyara mata mayafi, ta ce bari ta sayo mata ruwa.

"To, kar ki daɗe," in ji Yelwa.

Shi ke nan. Wasu sun ce an mayar da ita gida, amma danginta a Gumel ba su gan ta ba. Wasu sun ce a nan aka binne ta, babu suna. Shekaru sun wuce, amma duk lokacin da Zubaidatu ta kai kofi baki sai ta ji maganar nan a bayan kunnenta, a hankali, babu faɗa babu zargi, da muryar da Yelwa ke magana in tana ƙulla yaji a leda.

Yanzu ita ce a kwance. Ciwon suga ya daɗe a jikinta, sai ga wani ɗan gyambo a babban yatsan ƙafa. Yatsan ya yi baƙi, baƙin ya fara hawa. Turaren wuta ya daina ɓoye warin.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Muktar ya zo, ɗan ƙanenta. Injiniya ne, yana gyaran na'urorin sanyi a rumbunan ajiya na Khumra, yana zaune a unguwar Safa da matarsa Rahama da 'ya'yansu, takardunsa cif. Ya ɗaga zanen da ta rufe ƙafar, ya mayar a hankali.

"Gwaggo, wannan ƙafa ta wuce man zaitun."

"Kai da ka zo jiya, ka san abin da ya wuce wani? Matsa can, kar ka zauna mini a kan daddawa."

Ya matsa. Ta bar shi ya gama kallon ƙasa, sannan ta ce, "Katin nan naka na inshora, ba ka ce har haƙori suke gyarawa ba?"

"Ni da Rahama da yara kawai ya ɗauka. Na je ofis na tambaya. Sun ce ko mahaifiyata ce ba ta ciki, balle..."

"Balle gwaggon da gwamnati ba ta san da ita ba. Faɗi, ai ba zagi ba ne. To a gida fa? Na ji a waya an ce an ware wa tsofaffi kuɗin magani."

"Na sa Usuman ya je ya tambaya a asibitin unguwa." Usuman ƙanensa ne da ke gida. "Sun ce gurbin mazaɓarmu ya cika, sai in wani ya rasu a sa wani. Kuma awon jini ne da maganin zazzaɓi, babu tiyata a ciki."

"Sai in wani ya rasu," ta maimaita, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

"Haka aka yi wa Baba," in ji shi. "Duk shekarun da yake da lafiya ana yankar albashinsa. Ranar da ya ajiye aiki aka cire sunansa, kafin damina ta zagayo ƙoda ta tashi."

Ta san wannan. A waya aka gaya mata rasuwar ƙanen nata, tana tsakiyar auna wa wata Ba'indiya kuka.

Muktar ya gyara zama. "Ni zan kai ki da kaina. In shiga, in ce gwaggona ce, in tsaya."

"Ka tsaya su ce ka ɓoye marar takarda? Kafilinka, wanda ya tsaya maka a takarda, ya sallame ka, a cire yara daga makaranta, a zo nan a kwashe maƙwabciyata Hafsa da tsohuwarta? Duk a kan ƙafa ɗaya, ƙafar ma ruɓaɓɓiya?" Ta girgiza kai. "Da Lado mai mota da ke yi mana rakiya yana nan, da ba ka ma ji ba. An kama shi tun azumi. Gobe da hantsi ka zo. Rakiya za ka yi mini."

"Wallahi ba zan iya ba, Gwaggo."

"Ni na iya, kuma ban fi ka taurin zuciya ba."

Washegari Hafsa, maƙwabciyarta, ta yi mata wanka, ta naɗe ƙafar da farin ƙyalle. Zubaidatu ta miƙa mata waya da 'yan kunne da buhun kuka da ya rage. Ba wanda ya fito yin sallama, don ba a yi wa mai rakiya sallama, amma labulayen ƙofofi sun riƙa motsi har suka fita daga lungun.

A hanya ta sa Muktar ya tsaya a wani kanti ya sayo mata gorar ruwa mai sanyi. Ya kawo. Ba ta buɗe ba, ta rungume ta a cinya. Ta faɗa masa asibitin da take so, ya ce akwai wanda ya fi kusa, ta ce ta sani.

An yi wa ginin sabon fenti, an canza ƙofa, amma darbejiyar tana nan, bencin ma yana nan. Tun daga cikin mota ta hango kamar wata tsohuwa a ƙarshensa, ta sunkuyar da kai cikin mayafi. Da suka matso, inuwar reshe ce kawai ke kai da kawowa a kan siminti. Duk da haka ba ta zauna a wajen ba, ta bar gurbin.

Muktar ya zaunar da ita, sai shi ma ya zauna. Mai gadi a bakin ƙofa ya juyo ya dube su, ya kau da kai, ya sake dubowa.

"Muktari."

"Na'am, Gwaggo."

"Je ka sayo mini ruwa."

Ya kalli gorar da ke cinyarta. Babu wanda ya taɓa shiga lungun nan bai ji labarin Yelwa ba.

"Wannan da mai ita," ta ce. "Yalla, tashi. Mutumin can yana kallonka."

Ya miƙe, ya tsaya a kanta. Ya gyara mata mayafi, yadda ita ma ta taɓa gyara wa wata. A nan ne ta ji kalmomin Yelwa sun taho mata har kan harshe, su ɗin nan dai, da nauyinsu. Ashe ba sai hankali ya gushe ake faɗarsu ba. Ta san in ta sake su, yaron nan ba zai ƙara shan ruwa cikin daɗi ba har ya koma ga Allah. Ta datse haƙora a kansu har muƙamuƙinta ya yi zafi.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Ka gaishe da Rahama."

Ba ta bi shi da kallo ba. Ta dai ji an rufe ƙofar mota, ta ji ƙarar ta shige cikin sauran motoci ta ɓace.

Da ƙyar ta murɗe murfin gorar, don hannun ba ƙarfi. Ta ajiye ta a gurbin da ta bari, a inuwa.

"Ga shi, Yelwa," ta ce. "Yi haƙuri, na daɗe."

Ta saurara. Iska ta motsa ganyen darbejiya, raɓar gorar ta gangaro ta jiƙa simintin. Can a bakin ƙofa mai gadi ya leƙa ciki ya yi magana da wani, sai ga shi ya fito yana turo keken marasa lafiya, babu kowa a kai, yana nufo bencin.