Dokin da Ke Jan Jirgi

Shekara shida Moutari ya yi a wani ɗan ɗaki a Villeurbanne, gefen Lyon, yana rubuta kundin digirinsa a kan jiragen fasinja da dawaki ke ja a tsofaffin magudanan ruwan ƙasar Ireland. Bai taɓa zuwa ƙasar ba. Malaminsa ne ya zaɓa masa, shi kuwa kunya ta hana shi cewa a'a. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

A damanar 1995 kaset ɗauke da saƙon murya ya iso daga garinsu, Tahoua. Mahaifinsa, Malam Salifou, wanda gani ya fara gagararsa, ya ce ya dawo gida hakanan. Moutari kuwa shekara ɗaya yake nema ya ƙarasa, kuma ba zai zauna ba sai tsoho ya yarda.

Sau huɗu yana ɗaukar amsa a kaset yana gogewa. Ta ina za ka fara gaya wa mutumin da ya tsufa cikin kiwon dawaki cewa akwai inda ake ɗaura wa doki igiya kamar jakin amalanke? A na biyar ya daure ya yi bayani: jirgi na cikin ruwa, doki na bakin gaɓa yana ja, mutane na zaune ciki suna cin abinci. Don ya sassauta abin, ya ƙara da cewa ba sa zaluntar dabbar; kowane zango sai a kwance wanda ya gaji a ɗaura wani.

Bayan wata biyu da aikawa, Karim, ɗan garinsu mai sayar da kaya a unguwar Porte de la Chapelle ta Paris, ya bugo waya.

"Kaset ɗinka ya zo daga gida, Malam. Ka hau Paris ka ɗauka."

A jirgin ƙasa na komawa Lyon ya kunna kaset ɗin, ya sa abin ji a kunne. Ya zaci tsoho zai yi dariya, ko ya yi faɗa. Sai gaisuwa mai tsawo, sai tari.

"Na ji zancen dawakin Nasara," in ji muryar. "Ashe suna da hankali, tunda suna kwance doki a zango. To kai, Moutari, shekara shida ba ka kai zango ba? Ka zauna in ka so. Ni dai ban san ko zan gane huskarka baɗi ba."

Kaset ya ci gaba da juyawa, ba magana, sai kukan awaki a tsakar gidansu. Moutari bai kashe ba har ya ƙare.