Baƙin Allon Kefas

Muna cikin mota ni da Kefas muka tarar da shinge a hanyar Dabai. Masu kakin ba sa duba takardun mota ranar, samari kawai suke saukewa.

Kefas ɗana ne na fari. Aikinsa yi wa shafukan intanet ado: launi, girman rubutu, inda hoto zai zauna. Ya taɓa yi mini bayani cewa yana rubuta adon ne cikin harshen kwamfuta, cakuɗe da sauran aikin, sannan ya sa ta tsince shi ta haɗa wuri guda. Kafin ta gama, babu abin da ake gani sai baƙin allo da rubutu yana gudu. Ni dai na gyaɗa kai.

"Kai mai jaka, sauko! Mi ke ciki?" in ji wani jami'i, yana nuna Kefas.

Da jami'in ya ga kwamfuta sai ya yi dariya. "Ɗan Yahu, ɗan damfarar intanet! Baba, kai ka haifi wannan?"

"Yallaɓai, ƙungiyar manoma yake yi wa aiki. Can za mu."

"To, ya nuna mini aikin."

Da safen nan shugabar ƙungiyar ta bugo ta ce a mayar da shafin kore, shuɗi bai yi mata ba. Kefas ya canza a cikin mota, bai kai ga haɗawa ba. Ya tsuguna, ya ɗora kwamfutar a gwiwa, ya danna. Allon ya yi baƙi. Rubutu ya fara gudu.

"Ga shi nan! A gabanmu yake kwashe asusun mutane!"

"Oga, haɗawa take yi, yanzu shafin zai fito," in ji Kefas.

"Yallaɓai, don Allah ku bar ta ta gama," na ce, hulata a hannu.

Jami'in ya danne murfin kwamfutar da tafin hannu. Suka tura Kefas bayan motarsu, takalminsa ɗaya ya rage a kan titi.

* * *

Uwarsa Leah ta daina zuwa ƙungiyar mawaƙa a coci. Zama take yi a bakin ƙofa, wayarta a cinya. Ni kuma na taka duk ofishin da na sani a Zuru. Ko'ina sai a tambaye ni sunan jami'in da lambar motar, ni kuwa a lokacin allon nake kallo, ina jiran kore ya fito.

Har yau ban san su wane ne suka tafi da shi ba, ban kuma san inda yake kwana ba.