Allura da Kek ɗin Suna

Zulai'atu ta sake jan maganaɗisun a kan tabarma, daga wannan gefe zuwa wancan, tana durƙushe kamar mai tsintar shinkafa. Daga jikin matacciyar rediyon mijinta ta ɓalle shi, da shi take farautar allura duk ranar da ta faɗi. Yau ya kamo mata ƙusa, ya kamo fil, ya kamo wani murfin kwalba mai tsatsa. Allura kuwa ko alamarta.

Ba irin allurar ɗinkin tsumma ba ce. Doguwa ce, siririya kamar gashin wutsiyar doki, wadda ke ratsa ƙananan duwatsun adon nan da ba su kai ƙwayar gero ba. Da ita Zulai'atu take shirya sarƙa da awarwaro da 'yan kunne a kan zaren fatsa, har matan Yelwa suka san hannunta.

Ranar sunan jaririn ƙanwarta Salma ce, can Tungan Bashiru a ƙetaren ruwa. Abu biyu ta yi wa maijego alkawari: kek na garin alkama da dabino, da ɗan awarwaro na duwatsu shuɗɗa ga jariri. Ita kuma da ma ba ta iya yin aiki ɗaya a lokaci ɗaya, halinta ne tun tana yarinya. Tun bayan sallar asuba ta ɗora babbar tukunya da yashin bakin ruwa a ciki, ta jera gwangwanayen madara cike da kwaɓi, ta zuba garwashi a kan murfi. Kafin wannan zubi ya gasu sai ta zauna nan gefen kwanon kwaɓin tana zura duwatsu. Da hantsi yayanta Ɗahiru mai jirgi ya zo ya kwashi kek ɗin a bokitai, ya ɗauki Innarsu Mairo, suka yi gaba. Ita ta tsaya ta ƙarasa awarwaro.

Sai ga duwatsu, ga zare, babu allura.

Ta zauna a kan dugaduganta tana bin safiyar a zuci. Ta tuna allurar tana hannunta. Ta tuna ta ji man shanu yana neman ƙonewa, ta zabura ta sauke shi, ta sunkuya a kan kwanon kwaɓi ta juye, ta sa muciya. Daga nan fa? Daga nan hannunta babu komai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ta rarumi waya ta kira Ɗahiru, ba ta shiga. Ta kira Salma, haka. To ai Tungan Bashiru sai mutum ya hau tudun bayan masallaci ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin sabis ya ga damar zuwa, wa zai hau tudu ranar suna?

Kayan ankon da ta goge suna nan a kan gado, ko kallonsu ba ta yi ba. Ta watsa duwatsun da awarwaron da ba ta gama ba a jaka, ta yafa mayafi a kan ɗankwalin aikinta mai dabbare-dabbaren gari, ta fita da silifa tana ƙwala wa ɗan kabu-kabu kira.

A bakin ruwa kuwa duniya tana tafiyarta ba ruwanta da kowa. Ana loda buhunan albasa, masu banda suna juya kifi, wani yana kokawa da akuya ta ƙi shiga jirgi. Jirgin da zai bi ta Tungan Bashiru bai cika ba, mai shi, wani siriri da ake kira Sufyanu, yana zaune yana sakace haƙori.

"Malam, don Allah mu tafi. Rai ne."

"Wa ba shi da lafiya?"

"Har yanzu babu kowa," ta ce. "Shi ya sa nake son mu tafi."

Ya dube ta daga silifa har zuwa garin da ke goshinta. Ya tofar da tsinken ya ja igiyar inji.

A tsakiyar ruwa ne shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ita, ga shi da daɗin baki. Wa ya ce miki cikin kwaɓi ta faɗa? Wataƙila tana cikin toka. In kika je kika tsaya gaban dangin mijin Salma kika ce akwai allura a kek ɗinki, wa zai ƙara kai abin hannunki bakinsa daga nan har Wara? Ki yi shiru, ki ci suna, ki dawo. Har ta fara sauraronsa, wallahi ta fara. Sai fuskar Yasira ta faɗo mata a rai, babbar 'yar Salma, 'yar shekara uku, wadda ba ta san tauna ba, abin da ya shiga bakinta ya wuce ke nan. Zulai'atu ta yi a'uziyya da ƙarfi har matar da ke gefenta ta matsa.

"Malam, injin nan iyakar gudunsa ke nan?"

Kafin jirgi ya gama tsayawa ta dira, ruwa har gwiwa. Ta bi ta tsakanin tarunan da aka shanya, ta faɗa gidan suna ko sallama babu.

Tsakar gida cike da mata, ana ta guɗa da kiɗan ƙwarya. Ga kek ɗinta a manyan farantai, 'yan mata suna ƙulla shi a leda don raba wa baƙi. Ga kuma Yasira a bakin ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafa, kumatu duk ɓurɓushi, tana shirin kai wani baki.

Zulai'atu ta kai wa hannun yarinyar duka, kek ya yi tsalle ya faɗi ƙasa.

"Kada wanda ya ci! Don girman Allah kada wanda ya ci!"

Kiɗa ya tsaya. Kukan Yasira kaɗai ake ji. Inna Mairo ta taso daga cikin tsofaffi tana gyara zani.

"Ke Zulai, lafiyarki? Mi ya same ki?"

"Inna, allurata. Allurar duwatsu. Ina jin cikin kwaɓi ta faɗa."

"Mi kinka ce?"

Ta maimaita, wannan karon kowa ya ji. Wata mata da ke tauna ta tsaya cak, ta juya ta tofar a tafin hannunta tana dubawa. Kunya ta rufe Zulai'atu, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Uwar mijin Salma, Gwaggo Yalwa, tsohuwar mai sayar da kifi ce da ba ta ɓata lokaci wajen salati. Ta tafa hannu.

"To mi kuke kallo? Ku kawo farantai. Wadda ta ƙulla a gefen zani ta kwance, na gan ku."

Nan mata suka zube a tabarmi. Kek ɗin da Zulai'atu ta tashi tun asuba ta gasa, mai laushi, mai ƙamshin dabino, shi aka dinga ɓarewa ana murtsukewa tsakanin yatsu a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ita da kanta ta fi kowa murtsuka. Duk wanda ta ɗauka sai ta ce wannan ne, ya Allah ka sa wannan ne. Farantai suka cika da gari. Aka zo na ƙarshe, Gwaggo Yalwa ta murza shi da kanta, ta buɗe tafin hannu.

Babu.

Ba wanda ya yi murna. Kowa ya san lissafin: in ba ta cikin wanda ya rage, tana cikin wanda aka ci. Salma ta fito daga ɗaki tana dafa bango, da lallenta da kwalliyarta, ta tsuguna gaban 'yarta.

"Yasira, nawa kika ci?"

Yarinyar ta ɗaga yatsu, ta ƙara ɗaga wasu.

"Cikinki na ciwo? Wuyanki fa? Buɗe baki in gani."

Yasira ta ga idanu sun yi mata yawa, ta ƙara fashewa da kuka, kukan kuma ya ƙara tsorata mutane. Wata ta ce a ba ta man ja, wata ta ce a'a, a ba ta tuwo ta haɗiya. Gwaggo Yalwa ta ce ba mai ba ta komai, a kira Ɗahiru ya tayar da inji a kai ta asibitin Yelwa a yi hoto. Salma ta ɗago ta dubi yayarta. Da zagi ta yi, da ya fi wannan kallon sauƙi.

Zulai'atu ta zauna daɓas a ƙasa, mayafi ya zame, ta sa kuka irin wanda rabonta da shi tun rasuwar babansu.

"Na kashe ta, Inna. Da hannuna."

"Rufe mani baki! Wa ya mutu?" Inna Mairo ta durƙusa ta jawo kan 'yarta zuwa ƙirjinta, ta dafa shi da tafin hannu kamar yadda take yi mata tana ƙarama. "Yi shiru, ɗiyata, Allah na... Wash!"

Ta fizge hannu. A kan babban yatsanta wani ɗan digon jini ya taso, ja wur.

Inna ta dubi yatsan. Ta dubi kan Zulai'atu. Ta sa yatsu biyu cikin ƙullin ɗankwalin nan mai gari, ta zaro wani abu siriri, ta ɗaga shi sama rana ta haska shi.

"Wagga ce?"

Zulai'atu ta kalli allurar. Tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ɗan ƙarfe ba, ba ta kuma taɓa zaton za ta ga jinin Inna ta ji daɗi ba. Ta kama yatsan ta rungume, tana kuka tana dariya, bakinta ba abin da yake fita sai alhamdulillahi. Ashe da man shanu ya ɗauki ƙauri, hannunta ne ya kai allurar ka ya soke ba tare da ya yi shawara da ita ba. Da ita ta share ɗaki, da ita ta hau kabu-kabu, da ita ta ƙetare ruwa.

Wata ta rangaɗa guɗa. Salma ta zube kusa da yayarta ta ɗora Yasira a cinya, tana sumbatar kumatun nan masu ɓurɓushi, tana dukan kafaɗar Zulai'atu da ɗaya hannun.

"Yaya, kin kusa kashe ni! Wallahi sai da na ji ruwan nonona ya ƙafe."

Ɗahiru ya leƙo daga zaure yana haki, ya ce inji na ci, ina yarinyar? Aka ce ya je ya kashe, an ga allura. Ya ce a cikin wa? Aka ce a kan ƙanwarsa. Ya girgiza kai, ya koma yana faɗa wa maza, sai ga dariyarsu ta tsallako katanga.

Matar da ta tofar da nata ɗazu ta dubi farantan ta ce, "To yanzu wannan ɓarna fa?"

"Wace ɓarna?" Gwaggo Yalwa ta ɗebi garin ta dunƙula ta jefa a baki. Ta lumshe ido. "Dambu ne. Ba ku taɓa cin dambun kek ba? Ku kawo nono."

Aka kawo nono a ƙwarya, aka kawo ludaya. Wasu suka dama, wasu suka ci da hannu haka nan. Kiɗan ƙwarya ya dawo, har wata mai bakin waƙa ta fara jefa allura da ɗankwali cikin amshi. Yasira da aka doke wa hannu ta ƙi kallon Zulai'atu, sai da aka cika mata ɗan kwano tukuna aka shirya. Gwaggo Yalwa ta miƙo wa Zulai'atu ludayi.

"Ci, ke kika gasa. Bikin autana na nan tafe bayan salla, ke za ki yi mana. Amma ranar ki zo da kai ba ɗankwali."

Zulai'atu ta ci. Sai a lokacin ta tuna ko karyawa ba ta yi ba, ta kuma ji ashe kek ɗin ya yi daɗi.

Da la'asar ta yi sanyi suka koma ɗakin maijego su uku. Zulai'atu ta zazzage duwatsun a murfin kwano, ta karɓi allurar ta zura zaren fatsa. Ta ƙarasa layin da ya rage, ta ƙulle, ta ɗaura wa jariri a wuyan hannu. Shuɗin ya zauna a fatarsa ɗas. Inna kuwa tun da suka shigo ba ta sauke faɗa ba.

"Mace da girmanki, da hankalinki! Kai wurin ajiyar allura ne? In da ido kinka soke fa? In da goyo gare ki? Ni ban san inda kinka ɗauko wanga hali ba. Ba ni ita nan, kafin ki ƙara tayar muna da gari."

Zulai'atu ta miƙa mata da hannu biyu. Inna ta karɓa, ta sunkuya tana duba awarwaron a hannun jikanta, tana cewa ai kuwa ya yi kyau, sai dai an so a matse shi. Tana maganar, hannunta ya tashi a hankali, ya kai ƙullin ɗankwalinta, ya soke allurar.

Salma ta dubi Zulai'atu. Zulai'atu ta dubi Salma. Maijego ta ja gefen zani ta toshe bakinta, kafaɗunta suna rawa.

"Ku kuma mi ya ba ku dariya?" in ji Inna.